Hukuncin Sha'awar Yaƙi a Fim da Waƙa da Zane

Tambaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne a cikin birnin Katsina, ina da ɗan shago a wajajen Ƙofar Ƙaura inda nake cajin waya da tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi. Abin da aka fi nema a wurina shi ne fina-finan yaƙi da na faɗa, musamman waɗanda aka fassara da Hausa. Ni kaina ba zan ɓoye wa Malam ba, ina son su ƙwarai, har idan na ji rugugin bindiga da kiɗan da ake sakawa a ƙarƙashinsa sai tsigar jikina ta tashi, in ji ina ma ni ne a fagen. Kwanan nan wasu suka fara tambayata waƙoƙin da ake yi wa 'yan bindigar daji, da bidiyon da suke ɗauka suna nuna makamai da kuɗi. Ƙanena kuma mai shekara 12 ya cika littattafan makarantarsa da zanen mutane riƙe da bindiga. Da na yi wa wani abokina maganar, sai ya ce ai hawan sallah ma nunin yaƙi ne, kuma Musulunci addinin jarumta ne. Mene ne hukuncin wannan sha'awa tawa, da sana'ata, da kuɗin da nake samu?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka faɗi abin da ke zuciyarka ba tare da ka yi masa kwaskwarima ba, domin tambayar taka ta fi ƙarfin shagonka, ta shafi gidajenmu gaba ɗaya. Zan fara da abin da ka ce kana ji a ranka, tun da a kansa sauran hukunce-hukuncen suke tsaye.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Abu Aufa, Allah ya yarda da shi, cewa a ɗaya daga cikin ranakun da Manzon Allah (SAW) ya yi karo da abokan gaba, ya jira har rana ta karkata, sannan ya miƙe a cikin mutane ya ce: “Ya ku mutane, kada ku yi burin haɗuwa da abokan gaba, ku roƙi Allah lafiya da zaman lafiya. Idan kuwa kun haɗu da su, to ku yi haƙuri, kuma ku sani Aljanna tana ƙarƙashin inuwar takubba.” Ka lura da wurin da aka faɗi wannan magana. A fagen fama aka faɗe ta, ga mutanen da suka riga suka ɗaura ɗamara, kuma yaƙin nasu gaskiya ce tsantsa wadda babu kokwanto a cikinta, amma duk da haka aka hana su ƙosawa da son a gwabza. Imam Nawawi ya bayyana cewa an yi hanin ne saboda abin da wannan buri yake ƙunsa na jiji da kai, da dogaro da ƙarfi, da raina abokin gaba. To idan an hana Sahabbai wannan buri alhali takobi yana hannunsu, ina ga wanda yake zaune a kan benci, waya a hannunsa, yana burin yaƙin da bai san dalilinsa ba?

Alƙur'ani ma haka ya siffanta al'amarin. A Suratul Baƙara, aya ta 216, Allah ya ce an wajabta muku yaƙi alhali shi abin ƙi ne a gare ku, kuma bai zargi muminai a kan wannan ƙi ba. A Suratul Anfal, aya ta 61, ya umarci Annabinsa cewa idan abokan gaba suka karkata ga sulhu shi ma ya karkata gare shi. A Suratul Ahzab, aya ta 25, da rundunonin taron dangi suka watse daga Madina ba tare da an yi babban karo ba, sai Allah ya ambaci hakan a cikin ni'imominsa, ya ce ya isar wa muminai yaƙi. Imam Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa cewa Annabi (SAW) ya nemi wanda zai tatsi wata taguwa, wani ya miƙe, da aka tambayi sunansa ya ce Harbu, wato yaƙi, sai aka ce masa ya zauna, har sai da wani mai suna Ya'ishu, wato mai rayuwa, ya miƙe, sannan aka ce ya tatsa. Annabin da ko sunan yaƙi bai so a kan mutum ba, ta yaya za a jingina masa addinin da yake koya wa matasa ƙishirwar jini?

Saboda haka yaƙi a shari'a magani ne mai ɗaci da ake sha idan cuta ta tilasta, a ƙarƙashin shugaba, da sharuɗɗa masu tsanani. Wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura shi Sham tana nan a Muwaɗɗa: kada a kashe mace ko yaro ko tsoho tukuf, kada a sare itace mai 'ya'ya, kada a rushe gini, kada a yanka akuya ko raƙumi sai don ci. Son yaƙi don kansa, wato jin daɗin kisa da ƙone-ƙone da ganin mutane suna zubewa, cuta ce ta zuciya wadda ya wajaba a yi maganinta. Abin da yake bijiro maka ba da zaɓinka ba lokacin da kiɗa ya taso, ba a kama ka da shi, domin Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya matuƙar ba su aikata ko sun furta ba. Abin da ake kama ka da shi shi ne ciyar da wannan sha'awa dare da rana har ta yi jijiya.

Yanzu ga maganar abokinka, kuma akwai gaskiya a cikin rabinta. Musulunci yana girmama jarumta, bai kuma hana a tuna yaƙi ko a yi masa waƙe ko a kwaikwayi wasan makamai ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacin Annabi, Nana A'isha tana kallo daga bayansa har sai da ta gaji don kanta. Ya tabbata cewa Sahabbai suna rera baitoci lokacin haƙa gwalalo, Annabi yana amsa musu, kuma ya umarci Hassanu ɗan Sabitu ya mayar wa mushirikai martani da waƙa. A kan wannan asali nake ganin hawan sallah da hawan bariki a nan Katsina, da hawan Magajiya a Daura, halal ne a asalinsu. Lifidi da sulke da kwalkwali da jahin da mahaya suke kai wa sarki, duk ragowar shirin tsaron gari ne na zamanin da, kuma ita kanta ƙofar da shagonka yake kusa da ita sunan sarautar yaƙi take ɗauke da shi. Ana yin hawan ne a ranar farin ciki, a gaban shugaba, a tashi kowa ya koma gidansa. Abin da yake ɓata shi su ne abubuwan da suke shigowa daga gefe, kamar shaye-shaye, da cakuɗuwar maza da mata, da sukuwar ganganci a cikin jama'a, da 'yan ƙauraye masu fakewa da taron su zare wuƙaƙe a kan abokan gabarsu. Wannan na ƙarshe haramun ne ko da da sunan wasa, domin Muslim ya ruwaito cewa wanda ya nuna ɗan'uwansa da makami mala'iku suna la'antarsa har sai ya bari, ko da kuwa uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Akwai wani misali da nake so ka riƙe da kyau, domin a ganina shi ne ma'aunin wannan mas'ala. Kafin hijira, ƙabilun Ausu da Khazraju sun gwabza wani mummunan yaƙi da ake kira Bu'asu, aka yi masa waƙoƙi da yawa. A ranar wata sallah, 'yan mata biyu suna rera waɗannan waƙoƙi a ɗakin Nana A'isha, Sayyidina Abubakar ya shigo ya tsawatar, Annabi (SAW) ya ce ya ƙyale su, domin kowace al'umma tana da idinta. Wannan yana cikin Bukhari da Muslim. Sai kuma malaman tafsiri da na sira suka kawo, a ƙarƙashin ayoyi na 100 zuwa 103 na Suratu Ali Imrana, cewa wani mai baƙin cikin haɗin kan Ansaru, wato Ausu da Khazraju bayan sun musulunta, ya tura wani saurayi majalisarsu ya rera musu waƙoƙin Bu'asu ɗin nan, har tsohon miki ya tashi, suka kira makamai, sai da Annabi ya fito ya tsaya a tsakaninsu. Waƙar ɗaya ce, yaƙin da ake waƙewa ɗaya ne, amma a wuri na farko tuna baya ce a ranar murna, a wuri na biyu kuwa hura wuta ce. Hukuncin fim da waƙa da zane na yaƙi yana bin abin da aka nufa da su da kuma abin da suke shukawa a zuciyar mai kallo da mai saurare.

Idan muka ɗora fina-finan da kake turawa a kan wannan ma'auni, za mu ga ba ɗaya suke ba. Akwai wanda yake nuna yaƙi da fuskarsa ta gaskiya, da yunwarsa da marayunsa da garuruwan da suka zama kufai, mai kallo ya tashi yana neman tsari. Akwai na tarihi da na labarin gaskiya, irin waɗanda suke bayanin Yaƙin Duniya na Biyu na 1939 zuwa 1945, wanda kakanninmu da yawa suka je har ƙasar Bama ta nahiyar Asiya a cikinsa, ko yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970. Irin waɗannan babu laifi a kalle su idan sun kuɓuta daga tsiraici da batsa, ba su kuma sa an tozarta salla ba. Sai dai ina jan hankali a kan fina-finan tarihi masu dogon zango da ake fassarawa, cewa mafi yawan hirarrakin da ke cikinsu da wasu daga cikin mutanensu ƙirƙirar marubuci ce, bai halatta a ɗauke su a matsayin tarihin Musulunci ana kafa hujja da su ba.

Amma galibin abin da kasuwa take nema wani iri ne daban, kuma kai ka fi ni sanin yadda ake haɗa shi. Jinin da ake gani rini ne, ƙarar bindigar daga baya ake ɗora ta, kiɗan kuma an zaɓe shi ne don ya motsa jini daidai lokacin da ake kisa. Kyamara tana bin jarumi shi kaɗai, mutum hamsin su zube a gabansa, ba za a nuna maka uwar ko ɗaya daga cikinsu ba, balle wanda zai yi musu wanka da sutura. Imam Bukhari ya kawo a Kitabul Fitan cewa magabata suna son maimaita wasu baitoci a lokacin fitina, waɗanda ma'anarsu ita ce: yaƙi a farkonsa kamar budurwa yake, ta ci ado tana kai-komo a gaban kowane jahili, har idan wutarsa ta kama ta ruru, sai ta juya ta zama tsohuwa mai furfura marar miji, kamanninta sun sauya, babu mai son kusantarta. Abin da irin wannan fim yake yi shi ne ya nuna budurwar sa'a biyu cur, ya ɓoye tsohuwar. Mu kuwa a wannan jiha tsohuwar muka sani. Mun san ta a Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Faskari, mun san ta a daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Na taɓa zama da wani dattijo da ya baro ƙauyensu bayan an ƙone masa rumbuna, ya daɗe yana ba ni labari, kuma ban ji kalma ɗaya a bakinsa mai kama da abin da ake rerawa a waƙoƙin zuga ba. Kallon fim ɗin da aka gina shi a kan ƙawata kisa da ɗaukar fansa mafi ƙarancin hukuncinsa shi ne karhanci, yana kuma kaiwa ga haramci ga wanda ya san yana ƙeƙasar masa da zuciya, ko yana tura shi ga riƙe makami, da kuma ga yara ƙanana waɗanda ba su rarrabe wasa da gaske. Wannan yana ƙarƙashin ƙa'idar toshe ƙofar ɓarna, wadda mazhabar Malikiyya ta fi kowace riƙo da ita.

Game da kiɗa shi kansa, saɓanin malamai sananne ne, kuma mai Risala, Ibnu Abi Zaid, ya tafi a kan hana sauraren kayan kiɗa da waƙe-waƙen banza, wasu malaman kuma sun yi sassauci a wasu wurare kamar biki da idi. Ba zan tsawaita a nan ba, domin ko a wurin masu sassauci babu wanda ya halatta waƙar da take kiran mutane zuwa ga zubar da jinin da Allah ya haramta.

Wannan ya kawo mu ga waƙoƙin 'yan bindigar daji da bidiyonsu, kuma a nan ba ni da wani sassauci ko kaɗan. Mutanen da suke tare hanya, su kashe, su sace mutane don kuɗin fansa, su hana manomi gonarsa, su ne shari'a take kira muharibai, waɗanda aya ta 33 ta Suratul Ma'ida ta siffanta da masu yaƙar Allah da Manzonsa. Yi musu waƙa da kirari haramun ne, sauraronta don jin daɗi haramun ne, turawa da sayarwa da yaɗawa a Facebook ko TikTok ko WhatsApp duk haramun ne, domin taimakekeniya ce a kan zunubi da ƙetare iyaka, wadda aya ta 2 ta wannan sura ta hana. Abu Dawuda ya ruwaito cewa idan aka aikata saɓo a bayan ƙasa, wanda ya halarta ya ƙi shi kamar wanda bai halarta ba ne, wanda kuma bai halarta ba amma ya yarda da shi kamar wanda ya halarta ne. Mai jin daɗin kirarin ɗan bindiga ya duba a wane ɓangare ya sa kansa. Waɗannan mutane ba don nishaɗi suke ɗaukar bidiyon ba. Suna yi ne don su tsorata ƙauyuka, su kuma ja hankalin yaron da ba shi da aikin yi ya ga ashe bindiga tana kawo kuɗi da suna, kuma duk wayar da ka tura wa ka zama ɗan aikensu ba tare da sun biya ka ba. Duniya ta ga abin da zuga take haifarwa a Ruwanda a 1994, inda rediyo da waƙoƙi suka taimaka wajen ingiza kisan da ya ci dubban ɗaruruwan rayuka cikin kusan kwana 100. Haka hukuncin yake ga waƙar da take zuga Bahaushe a kan Bafulatani ko Bafulatani a kan Bahaushe, tana ɗora laifin wasu a kan ƙabila gaba ɗaya, domin wannan ita ce waƙar Bu'asu a majalisar Ansaru.

Waƙar da take ƙarfafa gwiwar soja ko ɗan sanda ko ɗan sa-kai da hukuma ta amince da shi wajen kare rayuka da dukiya, wannan tana da asali, tun da wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa shahidi ne. Sharaɗinta shi ne ta yabi haƙuri da tsayuwa da adalci, kada ta koya kashe wanda ake zargi ba tare da shari'a ba. Ko a yaƙin gaskiya niyya ita ce abin tsoro. An tambayi Annabi (SAW) game da mai yaƙi don jarumta da mai yi don ƙabilanci da mai yi don a gani, ya ce wanda ya yi don kalmar Allah ta ɗaukaka shi ne a tafarkin Allah. Muslim ya ruwaito cewa daga cikin mutanen farko da za a yi wa hukunci ranar alƙiyama akwai wanda aka kashe a fagen fama, a ce masa ka yi ne don a ce kai jarumi ne, kuma an faɗa, sannan a ja shi a kan fuskarsa zuwa wuta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya halarci yaƙin Tabkin Kwatto na jihadin Shehu Usmanu a 1804 ya kuma yi wa nasarar waƙa, shi ne bayan 'yan shekaru ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar Makka, har ya tsaya a Kano, saboda ya ga son duniya ya fara shiga zukatan mutane. Wanda ya ga yaƙi da idonsa ke nan, kuma yaƙin da shi kansa ya yi imani da gaskiyarsa.

Ƙanenka yaro ne, alƙalami bai hau kansa ba. A mazhabarmu abin da aka haramta kai tsaye shi ne mutum-mutumi mai inuwa na abu mai rai wanda gaɓoɓinsa suka cika, zanen da ke kan takarda kuwa bai kai haramci ba, iyakarsa karhanci. Don haka damuwata ba ta kan alƙalaminsa, tana kan abin da idonsa yake ci. Kada ka doke shi, kada ka yaga littafin. Ka zaunar da shi ka tambaye shi a hankali su wane ne waɗannan da yake zanawa, domin wani yaron fim yake kwaikwaya, wani kuma tsoron da ya ji a bakin manya ko abin da ya gani yake fitarwa, kuma maganin biyun ba ɗaya ba ne. Idan daga shagonka yake gani, to gyaran yana hannunka. Hannun da ya iya zana bindiga zai iya zana hasumiyar Gobarau da ƙofofin gari da adon sirdi da zayyanar allo, sai ka saya masa takarda da fenti ka nuna masa hanya.

Sana'arka a asalinta halal ce, cajin waya da tura karatu da wa'azi da darussa da fina-finan da ba su ƙunshi haram ba duk kuɗinsu mai tsarki ne. Fina-finan faɗa waɗanda ba su da tsiraici kuma ba su ƙawata ta'addanci ba, barin su ya fi, idan kuma ka tura to kada ka tura wa yara. Waƙoƙin 'yan bindiga da bidiyonsu da duk abin da yake zuga ƙabila a kan ƙabila, wajibi ne ka goge su daga kwamfutarka yau, kuma ijara a kansu, wato yarjejeniyar yin aiki don a biya ka, ɓatacciya ce domin amfanin da aka biya kuɗi a kansa haramun ne. Idan ka riga ka karɓi wani abu a kansu, ka tuba, ka ƙiyasta adadinsa gwargwadon rinjayen zatonka, ka fitar da shi ga mabuƙata da niyyar tsarkake dukiyarka, kuma waɗanda suka fi cancanta da shi su ne 'yan gudun hijirar da wannan fitina ta raba da gidajensu. Wanda ya zo nema ka gaya masa da lalama cewa ba ka turawa, ka faɗa masa dalili idan ka ga zai saurara.

Allah ne mafi sani.